Faɗakarwa Ga Masu Ƙirƙira: Yadda Ake Shata Iyakar Haƙƙin Mallaka Domin Kada Wani Ya Zagaye Ta

Duk wanda ya zagaya rumfunan maƙera da masu walda a Rimaye, ko Kankiya, ko Kusada, musamman idan kaka ta gabato, zai tarar da abubuwan da ba a sayo su daga wani kamfani ba. Wani ya gyara injin ɓarar gyaɗa yadda ba ya farfasa ƙwaya, wani ya sauya bakin garmar shanu domin ta dace da jigawa, wani kuma ya haɗa murhun da ba ya cin itace. Abin da kan biyo baya kowa ya san shi. Kafin wata kakar ta zagayo an kwaikwayi abin a garuruwa uku ko huɗu, kowa ya ɗan sauya wani ɓangare ya ce nasa ne, shi kuwa wanda ya hana idonsa barci har abin ya samu sai ya koma ɗan kallo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan jama'a, da kuma jami'an ƙananan hukumomi, da hakimai da dagatai da masu unguwanni waɗanda ake fara kai wa irin wannan ƙorafi, dangane da wani ɓangare na dokar mallakar ƙirƙira wanda ba a cika magana a kansa ba, alhali kuwa a nan ne ake samun riba ko a tafka asara. Wannan ɓangare shi ne yadda ake rubuta da'awar mai ƙirƙira ta yadda za ta game sigogi daban-daban da abin da ya ƙirƙira zai iya zuwa da su, ba siga ɗaya tak da ya ƙera da hannunsa ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ke kula da wannan al'amari a Nijeriya ita ce Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zane-zanen Masana'antu ta shekarar 1970, wadda ta fara aiki a 1971, kuma tana cikin kundin dokokin Tarayya na 2004. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Wanda aka ba takardar mallaka yana da ikon hana kowa ƙera abin, ko sayar da shi, ko shigo da shi daga waje, har tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardunsa, muddin yana biyan kuɗin sabuntawa na shekara-shekara. Sharaɗin kuwa shi ne abin ya kasance sabo, ya kasance an yi amfani da basira wajen samar da shi ba abin da kowane mai sana'ar zai hango ba, sannan ya zama mai amfani a sana'a, wanda ya haɗa har da noma.

Takardun da ake shigarwa sun ƙunshi takardar neman rajista, da cikakken bayanin abin da aka ƙirƙira tare da zane, sai kuma da'awa. Yawancin masu ƙirƙira kan zuba ƙarfinsu a kan bayani da zane, domin nan ne suke nuna gwanintarsu, su bar da'awa a matsayin cikon takarda. Wannan kuskure ne babba. Sashe na 6 na dokar ya fayyace cewa kalmomin da'awa su ne ke yanke faɗin kariyar da mutum ya samu, bayani da zane kuwa ana duba su ne domin a fassara da'awar.

Mutumin karkara ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane wannan. Idan rikicin gona ya kai gaban dagaci, ba a tambayar irin geron da mai gona ya shuka ko yawan takin da ya zuba. Abin da ake bi shi ne iyaka, daga tushen gamba zuwa gindin kuka, daga nan zuwa burtali. Abin da ke cikin iyaka naka ne ko ba ka taɓa kafa fartanya a wurin ba, abin da ke wajenta kuwa ba naka ba ne ko da kai ka sare dajin. To da'awa ita ce iyakar.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da tsarinmu wanda ya ƙara wa wannan magana nauyi. A Amurka da ƙasashen Turai akwai jami'an da ke tantance kowace da'awa, su yi ta musayar takardu da mai nema har a daidaita kalmomin. A Nijeriya kuwa sashe na 4 ya taƙaita aikin Magatakarda ga duba cikar takardu da biyan kuɗi. Ba ya binciken ko abin sabo ne, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa ana bayar da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Ma'ana, babu wanda zai gyara maka iyakarka a Abuja. Yadda ka shata ta haka za a buga mata hatimi, kuma ba za ka san ƙarfinta ko rauninta ba sai ranar da kuka tsaya da wani a Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke da hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki.

Darasi daga tukunya cikin tukunya

Domin maganar ta fito fili, bari mu ɗauki abin da aka ƙirƙira a maƙwabtanmu. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, shi ne ya yaɗa dabarar nan ta sanya ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke cikin yashin yana tsatsafowa ta jikin tukunyar waje, iska tana busar da shi, bushewar kuwa tana janye zafi daga ciki, sai tumatir da tattasai da alayyafo su daɗe ba su lalace ba. Gautan da kan yanƙwane cikin kwana 3 an shaida yana kai kwana 27. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 tare da dala dubu 75. A yau dabarar ta zama ta kowa, har a Sudan ana amfani da ita, don haka babu mai iya yi mata rajista yanzu. Mun kawo ta ne kurum a matsayin allon koyon rubutu, domin kowa ya san tukunya.

A ce yau aka ƙirƙiro ta, aka ce mai ita ya rubuta da'awarsa. Abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne ya siffanta abin da ke gabansa:

"Tukwane biyu na yumɓu masu zagayayyen baki, ƙarama cikin babba, an cika tsakaninsu da yashin rafi mai danshi, an rufe da jiƙaƙƙen buhu."

Maganar gaskiya ce, amma a matsayin iyaka ba ta tsare komai ba. Ƙa'idar ita ce, ba a cewa mutum ya shiga haƙƙin wani sai abin da ya ƙera ya tattara dukkan abubuwan da da'awar ta lissafa. Saboda haka wanda ya zuba garin gawayi a madadin yashi ya fita. Wanda ya sa tukunyar dalma a ciki, ya bar ta yumɓu a waje, ya fita, kuma wataƙila tasa ta fi saurin ɗaukar sanyi. Wanda ya gina abin da jan bulo mai kusurwa huɗu a rumfar kasuwa domin ya ci kwandon tumatir goma, shi ma ya fita. Dukkansu da basirar mutum ɗaya suke cin abinci, amma ko ɗaya bai taka iyakarsa ba, domin shi da kansa ya tsuke ta.

A nan akwai abin da ke rikitar da mutane da yawa, har da masu ilimi. A rubutun yau da kullum, yawan bayani ƙarin ƙarfi ne. A da'awa kuwa kowace kalma da aka ƙara sharaɗi ce, kowane sharaɗi kuma ƙofa ce da mai kwaikwayo zai bi ya fice. "Yumɓu" ƙofa ce, "zagayayyen baki" ƙofa ce, "yashin rafi" ƙofofi biyu ne ma, domin wanda ya ɗebo nasa a jigawa zai ce ba na rafi ba ne.

Hanyar gyara ita ce mai ƙirƙira ya ɗauki kowane ɓangare ya tambayi kansa: wane aiki wannan yake yi, kuma me zai iya yin aikin in ba shi ba? Yashi ba don yashi ne aka sa shi ba, don yana riƙe ruwa ne. Tukunyar waje ba don ta yumɓu ce take aiki ba, don jikinta yana tsatsafar da ruwa ne. Tukunyar ciki kuwa aikinta raba kayan lambu da danshi. Idan aka bi wannan, sai da'awar ta koma kamar haka:

"Ma'adanar sanyaya kayan abinci wadda ta ƙunshi mazubi na ciki, da mazubi na waje wanda jikinsa ke barin ruwa ya tsatsafo, da wani abu mai riƙe ruwa da aka sanya a tsakanin mazuban biyu yana taɓa kowannensu, ta yadda bushewar ruwa daga jikin mazubin waje za ta rage zafin mazubin ciki."

Yanzu mai gawayi yana ciki, mai dalma yana ciki, mai bulo ma yana ciki. A lura da kalmar "ta ƙunshi". Da Turanci ake shigar da takardun, kuma masu wannan aiki suna bambanta kalmar da ke nufin abu ya ƙunshi kaza da kaza, wadda ke barin ƙofa a buɗe ga ƙari, da wadda ke nufin abu ya taƙaita ga kaza da kaza. Idan aka yi amfani da ta biyun, wanda ya ƙara wa abin famfon zuba ruwa ko ƙafafun ɗorawa sai ya ce nasa daban ne. Ya kamata mai ƙirƙira ya tambayi wanda ke rubuta masa wace ce daga cikinsu ya sa, ya kuma nemi a fassara masa da'awar da Hausa kalma bayan kalma kafin ya sa hannu.

Tarihin jirgin sama ya nuna amfanin wannan. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, suna sarrafa jirginsu ne ta hanyar murɗa gefen fukafukai da igiyoyi. Amma takardar da aka ba su a 1906 ba ta tsaya ga murɗawa ba, ta yi magana ne a kan sauya kusurwar gefen dama da na hagu domin daidaita jirgi a iska. Da Glenn Curtiss ya zo da wasu ƙananan faifai masu motsi a madadin murɗa fiffike, ya ce ai tasa dabarar daban ce, kotu ta ba 'yan'uwan gaskiya a 1913, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a 1914. Da sun rubuta abin da suka ƙera kaɗai, da ƙaramin faifai ya raba su da haƙƙinsu.

Kada kuma a faɗa gonar jama'a

Wani zai ce, tunda haka ne, me zai hana a faɗaɗa iyakar har inda ido ya tsaya, a ce "duk wata hanyar sanyaya abu ta bushewar ruwa"? Abin da zai hana shi ne randar da ke gindin bishiya a kowane gida, da tulu, da salkar matafiya. Tun kaka da kakanni da wannan hikima suke sanyaya ruwa. Dokar ta ce abu ba sabo ba ne idan an riga an bayyana shi ga jama'a a ko'ina a duniya, a kowane zamani, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi. Da'awar da ta haɗiye randa ta haɗiye abin da ba sabo ba, kuma sashe na 9 ya ba kotu ikon soke ta. Haka ta faru da Samuel Morse, mai wayar tangaraho. A da'awarsa ta takwas ya nemi mallakar duk wata hanyar aika haruffa zuwa nesa da ƙarfin lantarki, ko ta wace irin na'ura ce, har da wadda bai ƙirƙira ba. Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan da'awa a 1854.

Sai dai Morse bai tashi a tutar babu ba, domin sauran da'awoyinsa, waɗanda suka tsaya ga na'urarsa da tsarin alamominsa, sun tsira. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a rubuta da'awa guda ɗaya. Ana fara kafa uwar da'awa mai faɗi, sannan a jero 'ya'yanta a ƙarƙashinta, kowace tana jingina da uwar tana ƙara sharaɗi guda: ta biyu ta ce abin da ke riƙe ruwan yashi ne; ta uku ta ce gawayi ne ko ƙaiƙayi ko tsumma; ta huɗu ta ce mazubin waje na gasasshen yumɓu ne; ta biyar ta ce na ciki na ƙarfe ne; ta shida ta kawo murfi; haka har a iso ga ainihin sigar da ake sayarwa a kasuwa. Dokarmu ta yarda kotu ta soke wasu da'awoyi ta bar wasu. Idan abokin shari'a ya tono wani tsohon littafi da ya rusa uwar, sai a ja da baya zuwa ta biyu ko ta biyar, kamar mai gidan da aka karya masa dangar waje amma katangar ciki tana nan. A ganina, wanda ya je Abuja da da'awa ɗaya tilo, komai kyanta, ya yi sakaci da dukiyarsa.

Akwai igiyar da ta ɗaure duk wannan. Sashe na 3 ya ce da'awa ba za ta wuce abin da bayani ya ƙunsa ba, kuma bayanin ya zama cikakke yadda ma'abucin sana'ar zai karanta ya aikata. Don haka ba ya yiwuwa a yi shiru a kan gawayi da bulo a cikin bayani, sannan a zo kotu a ce ai da'awa ta game su. Wajibi ne tun ranar farko a rubuta cewa ana iya amfani da kaza a madadin kaza, a kawo zane na siga ta biyu da ta uku ko da ba a ƙera su ba tukuna, a kuma faɗi cewa zanen misali ne ba iyaka ba. Dabarar da ta fi ita ce mai ƙirƙira ya zauna ya sa kansa a matsayin maƙerin garin gaba wanda ke son cin moriyar abin ba tare da biya ba, ya lissafa duk hanyar da zai bi, sannan ya toshe su ɗaya bayan ɗaya a cikin bayanin.

Awo da lissafi ma suna da tarko. Mai injin ɓarar gyaɗa da ya rubuta cewa tazarar da ke tsakanin ganga da raga milimita kaza ce daidai, ya ba wanda ya ƙara rabin milimita hanya. Abin da ya dace shi ne ya gwada ya gano daga ina zuwa ina injin ke aiki da kyau, ya rubuta wannan tsakanin, ya kuma ambaci cewa ana iya juya shi da hannu, ko da feda, ko da inji, ko da lantarkin hasken rana. A Ingila an yi shari'a a kan kalma ɗaya. Kamfanin Catnic ya yi rajistar lintar ƙarfe ta saman ƙofa, ya rubuta cewa bayanta yana tsaye cak. Kamfanin Hill and Smith ya ƙera tasa ya karkatar da bayan da digiri 6 zuwa 8. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce bai taka iyaka ba, sai da aka kai Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, kafin a 1980 aka yanke cewa duk magini ya san "tsaye" ba ta nufin sai an auna da ma'auni. Catnic ya yi nasara, amma bayan hawa kotu uku. Mai walda a Rimaye ba shi da kuɗin wannan tafiya. "Tsaye ko kusa da tsaye" ta fi masa araha.

Masu maganin gargajiya su ma maganar ta shafe su. Dokar ba ta ba da mallakar irin tsiro ko na dabba, amma tana karɓar sabon haɗi da sabuwar hanyar sarrafawa. Maganin sikila na Niprisan, wanda Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta inganta daga haɗin wani mai maganin gargajiya, ya samu takardar mallaka a Amurka a 1998, kuma cikin tsirrai huɗun da aka haɗa akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa, waɗanda babu kasuwar da ba a samunsu. Mai irin wannan haɗi ya ambaci mafi ƙaranci da mafi yawan kowane sinadari, da sigoginsa na gari da na ruwa da na ƙwaya. Takarda ɗaya ƙirƙira ɗaya take ɗauka, amma an yarda a cikinta a yi da'awar abin kansa, da hanyar yin sa, da amfanin da ake yi da shi.

Jan hankali ga jami'ai da iyayen ƙasa

Sau da yawa da kyakkyawar niyya ake lalata haƙƙin mai ƙirƙira. Shugaban sashen gona ya ga injin ya burge shi, sai ya sa a kai shi bikin baje kolin amfanin gona na ƙaramar hukuma, a kira 'yan jarida, matasa su ɗauka su watsa a Facebook da WhatsApp. Daga wannan rana abin ya fita daga sabo a idon doka, ko da mai shi ne ya nuna da kansa. Rangwamen da dokar ta yi na wata 6 ya shafi baje koli na ƙasa da ƙasa ne wanda hukuma ta amince da shi, bai shafi na gunduma ko na jiha ba. A fara shigar da takardu, sannan a yi biki. Haka kuma dokar tana ba da haƙƙi ne ga wanda ya riga shigar da takarda, saboda haka jinkiri ma haɗari ne. Idan kuwa ma'aikaci ne ya ƙirƙiri abin a bakin aikinsa, ko an ba mutum kwangilar yin sa, haƙƙin na wanda ya ɗauke shi aikin ne, ko da yake akwai yanayin da dokar ta wajabta a ba ma'aikacin lada mai ma'ana; yana da kyau a rubuta yarjejeniya tun kafin a fara.

Wanda ke neman taimako yana iya tuntuɓar hukumar NOTAP ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, kuma tana taimaka wa masu ƙirƙira na cikin gida wajen shirya takardu da shigar da su, tana kuma da ofisoshin haɗin gwiwa a jami'o'i da manyan makarantu da dama. Ko lauya za a ɗauka, a nemi wanda ya saba da wannan fanni, a kuma tafi masa da jerin sigogin da aka yi tunani a rubuce, domin lauya ya san doka amma bai san abin da zai iya maye gurbin raga a injin gyaɗa ba.

Takardar Nijeriya a Nijeriya kaɗai take aiki. Injin da aka loda a Kankiya aka bi da shi ta Jibiya, da zarar ya isa Maraɗi ya fita daga inuwarta. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista guda ke aiki a ƙasashe 17, Nijeriya kuwa ba ta ciki. Amma da yake Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Paris tun 1963, wanda ya shigar da takardunsa a Abuja yana da wata 12 ya shigar da su a can, a lissafa masa daga ranar farko. Wannan alfarma ta tsaya ne ga abin da takardun Abuja suka ƙunsa. Sigar da aka manta ba a ambata a cikinsu ba, ba za ta ci moriyar ranar farkon ba.